Tarihin Mata Masu Ɗinkin Bargo a Ƙasar Wales, da Shawarar da Ke Gabanmu

Mun gode wa Allah da ya nuna mana ƙungiyarmu ta cika shekara 20 muna tare.

Da kwamiti ya raba aikin rubutu, sai aka ce mu 'yan ajin yamma na yaƙi da jahilci mu ne za mu kawo tarihi. Muka ce to, tarihin ƙungiya ai Hajiya shugaba ta riga ta rubuta shi a shafin farko, ba sai mun maimaita ba. Mu na wasu mata za mu kawo, mata na nesa ƙwarai, waɗanda muka yi makonni muna bin labarinsu a aji, malamarmu tana fassara mana, muna kallon hotunan aikinsu a wayarta. Yawancinmu 'yan kasuwa ne, shi ya sa duk inda labarin ya biya tambayarmu ba ta canzawa: wa ya yi aikin, wa ya yanka farashi, mai saye kuma a hannun wa yake?

Ba don hira kawai muka zaɓi wannan labari ba. Kowa ya san maganar da ke jiran mu a babban taro mai zuwa, ta dillalin nan da ya ce zai riƙa kwashe duk zannuwan gado da rigunan filo da muke ɗinkawa, ya ba mu yadi, ya ba mu zane, da sharaɗin kada mu sayar wa kowa sai shi. Mu ji tarihin tukuna, sannan mu dawo kanta.

Ƙasar da tumaki suka fi mutane yawa

Wales yanki ne a yammacin tsibirin Birtaniya, maƙwabciyar Ingila, kuma suna da harshensu daban da Turanci. Ƙasa ce ta tsaunuka da ruwan sama da sanyi. A kan tudu hatsi ba ya yin abin kirki, ciyawa ce ke yi. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 3, tumakinta kuwa sun kusa ninka su uku. Kiwon ya daɗe a can. Masu ibadar Kirista na wani gida da ake kira Strata Florida, wanda aka kafa a 1164, manyan garkunan tumaki suka ajiye, suna sayar da ulu har ƙetare.

A nan sai mun tsaya mun yi bayani, don tumakinsu ba irin namu ba ne. 'Yankasa da Uda da Balami da muke turkewa don Layya gashi gare su, ba wanda ke musu aski. Nasu kuwa ulu ne ke tsirowa a jikinsu, mai kauri, mai maiƙo, kamar an lulluɓe tunkiya da saɓin auduga. Sau ɗaya a shekara ake aske shi, ya sake tsirowa. Kenan tunkiya ɗaya tana ba da nama, tana ba da 'ya'ya, tana kuma ba da abin saƙa.

Shekararsu kashi huɗu ce. Bayan hunturu mai dusar ƙanƙara, daga Maris zuwa Mayu, akwai lokacin da ƙanƙara ke narkewa, ciyawa ta tsiro, rana ta ƙara tsawo. Masu fassara suna ce masa bazara, amma kada ku kawo bazararmu mai zafi a rai. Nasu ya fi kama da farkon damina, sai dai da sanyi mai ratsa ƙashi.

Watan haihuwa

Cikin tunkiya wata biyar ne, a can da nan duk ɗaya. Saboda haka makiyayan Wales sai wajen Oktoba ko Nuwamba suke sakin raguna cikin tumaki, don haihuwa ta faɗo a Maris da Afrilu, daidai fitowar sabuwar ciyawa. Ku duba fa, garke guda ne ke haihuwa cikin 'yan makonni. A wannan lokaci gida ba ya barci. Da tsakar dare ana fita da fitila a duba wadda haihuwa ta zo wa da gardama, a juya ɗan da ya zo a karkace, a tabbatar kowane ya sha dakashi da wuri, don wanda bai sha ba da wuya ya kai labari. Ga hankaki, ga wata dabba mai kama da dila, duk suna fakon jarirai. Ga sanyi, wanda shi ne babban maƙiyi. A 1947 dusar ƙanƙara ta yi ta zuba har cikin Maris, ta binne garkuna a kan tsaunuka, tumaki miliyoyi suka mutu a Birtaniya.

Rabin wannan aiki na mata ne, ko da yake ba kasafai ake rubuta shi da sunansu ba. Ɗan ragon da sanyi ya kama, ɗakin girki ake kawo shi, a naɗe shi da tsumma a gefen murhu, uwar gida ta riƙa ɗura masa madara da bulumboti. Akwai wata dabara tasu da ta ba mu mamaki. In tunkiya ta rasa ɗanta, ga kuma wani maraya ko ɗan uku da nono bai ishe shi ba, sai a feɗe mataccen, a sa wa marayan fatar kamar riga. Uwar ta sunsuna ta ji warin ɗanta, sai ta bar shi ya sha. Bayan 'yan kwanaki a cire fatar, ta riga ta karɓe shi. Da malama ta karanta wannan, wata daga cikinmu da ta daɗe tana kiwo ta ce, “Ashe wahalar tunkiya ɗaya ce ko'ina.”

A zamanin da, in Mayu ta kama, sai a kora dabbobi zuwa makiyayar kan tudu, wasu daga mutanen gida su bi su, su zauna a wani ɗan gida da suke kira hafod. Sai farkon Nuwamba a sauko babban gida, wato hendre. Wanda ya san yadda Fulani ke tafiya da dawowa ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Wajen Yuni kuma sai aski. Akan tura tumaki cikin rafi a wanke su, in sun bushe a aske su da almakashi. Gida ɗaya ba ya iyawa, don haka gayya suke yi: yau gonar wane, gobe ta wane, kowa ya san ranarsa. Maza na aski, mata na naɗe ulu, suna kuma dafa abincin mutanen da suka taru.

To, matar da ba ta da tunkiya ko ɗaya fa? Ita ma tana da hanyarta, ana kiranta gwlana. Mata talakawa kan haɗa ƙungiya su yi tafiyar kwanaki da ƙafa zuwa tsaunuka, suna tsintar ulun da ya maƙale a ƙaya da shinge, suna cusawa a buhu. In dare ya yi su kwana a wata gona, su biya da aikin gida. Irin kalar da ake yi a gona bayan girbi ce, sai dai ta ulu. In sun dawo su wanke, su shiɓe, su kaɗa zare, su saƙa safa. Garuruwa irin su Bala da Tregaron sun yi suna da kasuwar safa. Mace na tafiya a hanya tana saƙa, kamar yadda 'yan matanmu ke ɗinkin hula suna hira. Wanda bai shiga safa ba kuwa, cikin bargo yake tafiya.

Yadda bargon yake

Mun rasa sunan da za mu ba shi, sai muka ce bargon ɗinki. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a tuna lifidin da 'yan lifidi ke sa wa dawakai ranar hawan Sallah: yadi a sama, yadi a ƙasa, abin cushe a tsakiya, sannan a bi da ɗinki don kada cushen ya taru wuri guda. Lifidi don tare kibiya da mashi aka yi shi, nasu don tare sanyi.

A gidan mai hali, ulun tumakin gida ake sawa a tsakiya, bayan an wanke shi sosai, don in an bar maiƙon zai ɓata yadin. A gidan talaka kuwa, tsohon bargo ne, da tsofaffin riguna, da safar da ta mutu. Ba a yar da komai. Yadin sama wani lokaci falle ɗaya ne mai launi ɗaya, wani lokaci kuma haɗe-haɗen ƙyallaye ne na ulu, ja da baƙi da shuɗi, manya-manya. Ana ɗaure shi a kan firam na katako mai tsawon gado, mai ɗinki ta zauna a gefe, hannu ɗaya a sama yana tura allura, ɗaya a ƙasa yana tarbar ta, tana jera ɗinki ƙanana-ƙanana.

Adon duk a cikin ɗinkin yake. Salon Wales shi ne a yi babban da'ira ko lu'u-lu'u a tsakiya, a kewaye shi da layuka kamar katanga bayan katanga, a cike su da ganye, da zuciya, da wani murɗe mai kama da gidan dodon koɗi. Ba takardar zane suke saye ba. Faranti, kofi, ganyen bishiya, su ake ɗorawa a zagaye da alli ko da bakin allura. Kowace gwana tana da hannunta, har masana kan dubi bargo su gane yankin da ya fito.

A gonaki aikin hunturu ne, lokacin da dare ke da tsawo, aikin waje kuma ya yi sauƙi. Da haihuwar tumaki ta zo, allura sai ta jira.

Ƙofa ta farko: daga gona zuwa gona

A yammacin Wales, a ƙarni na 19, ɗinkin bargo sana'a ce sosai da ake koya a wurin gwana, kamar yadda ake kai yaro wurin tela. Akwai masu zama a gida ana kawo musu aiki. Akwai kuma masu yawo: mace ta ɗauki kayan aikinta ta tafi gona, ta zauna mako biyu ko fiye, ta ɗinka sababbi, ta gyara tsofaffi, sannan ta wuce gona ta gaba. An fi neman su in biki ya matso, don 'yar manomi ba ta tarewa sai da barguna cikin kayan ɗakinta. Yadi na mai gida ne, ulu na tumakinsa ne. Ita abin da take samu shi ne ci, da wurin kwana, da ɗan abin da aka ba ta a yini. Yawanci mata ne marasa aure ko waɗanda mazansu suka rasu, kuma sana'ar ta rufa musu asiri. Amma mu 'yan kasuwa mun ga inda gizo ke saƙar: wadda ke ci a tukunyarka, tana kwana a ɗakinka, ba ta da bakin yin ciniki da kai. Ga shi ba su cika sa sunansu a jikin aikin ba. Yau bargunan suna rataye a gidajen tarihi, da yawa ba a san hannun da ya yi su ba.

Ana nan sai masaƙu na inji suka bunƙasa. A kwarin kogin Teifi, ƙauyen Dre-fach Felindre ya cika da masaƙun ulu masu yi wa mahaƙa kwal riguna da barguna. Daga Ingila kuma aka riƙa kawo mayafan gado na kamfani masu araha. 'Yan mata suka fara ganin bargon ɗinki kayan tsofaffi ne. Ba sai mun gaya muku yadda wannan yake ba. Mun ga abin da ya sami saƙi da gwado, mun ga marinar da ta koma juji.

Ƙofa ta biyu: adashen bargo

Wannan shi ne wurin da ajinmu ya kaure da surutu. A garuruwan haƙar kwal, musamman a Durham da ke arewa maso gabashin Ingila, har da kudancin Wales, rami yakan rufta, ko ƙura ta cinye ƙirjin namiji, a bar mace da 'ya'ya. Irin waɗannan mata sai suka buɗe abin da mu dai ba mu da sunan da za mu ba shi sai adashe. Mai ɗinki ta tara maƙwabta, kowace tana zuba ɗan kuɗi duk mako. A yi ƙuri'a a san wadda za ta fara ɗauka. Ita kuma ta sayi yadi da kuɗin zubi, ta zauna a firam, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta gama bargo ta miƙa wa mai rabo, ta kama na gaba. Bambancinsa da namu shi ne, a nan kuɗi ake kwasa, a can bargo.

Ribar ba ta da yawa, aikin kuma na karya baya ne. Saboda sauri, ɗinkin adashe bai kai na gwanaye kyau ba, zanen ma an sauƙaƙa shi. Amma ku lura da abu uku. Ita ke sayen yadinta. Ita ke yanka farashi. Masu sayenta kuma ba mutum ɗaya ba ne, layi guda ne na maƙwabta, in ɗaya ta fita wata ta shigo. 'Ya'yanta mata suna gefenta suna zura mata zare a allurai, ba su ankara ba sun iya.

Ƙofa ta uku: Landan

A 1926 aka yi babban yajin aiki a Birtaniya. Na gama-gari kwana 9 ya yi a watan Mayu, amma mahaƙa kwal sun kai har Nuwamba ba albashi. Bayansa ramuka da yawa suka rufe, yunwa ta shiga gidaje. A 1928 wata hukuma mai kula da sana'o'in karkara ta tura wata mata mai suna Mavis FitzRandolph ta zagaya kudancin Wales da Durham, ta nemo matan da har yanzu suka iya ɗinkin. Aka buɗe azuzuwa 6 a kudancin Wales, ciki har da na Porth da Aberdare da Merthyr Tydfil, tsofaffin gwanaye suna koya wa 'yan mata. Aka haɗa su da shaguna a Landan, irin su Little Gallery na wata mata Muriel Rose. Masu kuɗi suka yi ca. Har babban otal ɗin nan na Claridge's ya ba da odar barguna don ɗakunansa.

Mu faɗi gaskiya, wannan shiri ya yi alheri. Kuɗi ya shiga gidajen da miji ya yi shekaru ba aiki. Hukumar ba ta karɓar aikin ha'inci, sai mai kyau, saboda haka hannun matan ya ƙara gogewa, har ana lissafa bargunan wannan zamani cikin mafi kyawun da aka taɓa ɗinkawa a ƙasar. An kuma ƙarfafa musu su riƙe zanensu na gado.

Sai dai kayan sun tashi daga na maƙwabta sun koma na masu hali. Siliki da satin masu sanyin launi, abin da matan Landan ke so, su suka maye gurbin jan ulu da baƙi. Matar mahaƙin kwal ba za ta iya sayen bargon da ta ɗinka da hannunta ba. Mai saye kuma yana can nesa, ba ta san fuskarsa ba, wasu ne a tsakani.

A 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, shirin ya tsaya. Daga 1941 gwamnati ta ƙayyade sayen tufafi da yadi, sai da kati, kuma ba a ɗage ba sai 1949. Dubban 'yan mata suka shiga masana'antun makamai, inda albashi ya fi na allura nesa ba kusa ba. Da yaƙi ya ƙare ba su koma firam ba. Ba wanda ya zalunce su, ba wanda ya gudu da kuɗinsu. Ƙofar ce kawai ta rufe, kuma da ma ba a hannunsu makullin yake ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya rage

Cikin shekarun 1970, wata Ba'amurkiya da ta zauna a Wales, Jen Jones, ta fara bin gonaki tana sayen tsofaffin barguna. Ta tarar da wasu an lulluɓe dankali da su, wasu an rufa wa tarakta, wasu an shimfiɗa wa dabbar da ba ta da lafiya. Aikin da mace ta tsiyayar da idonta a kai! A 2009 ta buɗe musu gidan nuni a garin Lampeter. Mutane suka riƙa zuwa daga ƙasashe suna kallo, amma waɗanda suka ɗinka sun riga mu gidan gaskiya ba su ga wannan daraja ba.

Sana'ar ba ta mutu kwata-kwata ba, kuma ku ji ta inda ta tsira. A arewacin Ingila akwai Amy Emms, an haife ta a 1904. Mahaifiyarta uwar adashen bargo ce, ita kuma tun tana yarinya take zura mata allurai. Ta girma tana ɗinki, tana koyar da azuzuwan yamma irin namu, ta tsufa a Weardale, ƙasar kiwon tumaki, ba ta ajiye allura ba. A 1984 aka ba ta lambar girmamawa ta MBE. Da yawa daga masu yi a yau, a hannun irinta suka koya. Ita Mavis FitzRandolph kuma a 1954 ta fitar da littafi a kan sana'ar, daga abin da ta ji a bakin tsofaffin masu ɗinki. Kenan koyarwa da rubutu su suka riƙe abin da kasuwa ta saki.

Su ma makiyayan sun ga tasu. Da, kowa shi kaɗai yake fuskantar dillalin ulu. A 1950 aka kafa hukumar sayar da ulu ta Birtaniya, wadda ke tattara ulun manoma, ta tantance shi daraja-daraja, ta yi gwanjonsa a Bradford a madadinsu. Wannan ya hana a riƙa yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Amma ko haɗin kai bai hana duniya komawa zaren roba ba. A 2020 farashi ya faɗi har kuɗin ulun tunkiya bai biyan ladan mai aske ta, wasu manoma suka mai da shi taki. Askin kuma dole ne, don lafiyar dabbar. Abin da ya taimaki wasu gidaje shi ne komawa ga abin da kakanninsu mata suka yi: a kaɗa ulun gida, a rina, a saƙa, a sayar wa mai saye kai tsaye.

Akwai zare ɗaya da ya haɗa mu da mutanen can. Irin ƙungiyar da muke ciki, mai rajista da littafi da rabon riba, tushenta na komawa garin Rochdale na Ingila, inda a 1844 mutum 28, da yawansu masaƙa, suka haɗa kuɗi suka buɗe ɗan shagon gari da sukari da man shanu. Daga can tsarin ya yaɗu, har aka yi dokar ƙungiyoyin gama-kai a Nijeriya a 1935. Adashe da gayya kuwa namu ne tun kaka da kakanni, ba wanda ya koya mana.

Mu dawo gida

To 'yan uwa, ga maganar dillali. Mun san halin da ake ciki. Mun san kuɗin buhun dusa, mun san kuɗin makaranta, mun san akwai 'yar uwar da ta yi wata biyu ba ta sayar da zanin gado ko ɗaya ba. Ba za mu ce a kori mai kawo ciniki ba, wannan ba maganar 'yar kasuwa ba ce. Matan Porth ma da sun ƙi odar Landan, da 'ya'yansu sun kwana da yunwa. Kuma ba mu zargin bawan Allahn nan da komai. Amma ko mutumin kirki yana iya yin rashin lafiya, jarinsa na iya karyewa, yayi na iya wucewa. Ranar da ya daina zuwa, in mun riga mun sallami masu sayenmu na unguwa da na ranar kasuwa, ina za mu nufa?

Shawararmu, mu 'yan aji, guda uku ce, kuma taro ne mai yanke hukunci.

Na ɗaya, a karɓi odarsa, amma a cire sharaɗin nan na “sai shi kaɗai”. Rumfarmu ta kasuwa ta ci gaba da buɗewa, ko da kaso ɗaya cikin uku na kayanmu ne ke zuwa can. A kuma rubuta yarjejeniyar a takarda, a karanta ta a gaban kowa. Yanzu alhamdu lillahi muna da masu karantawa.

Na biyu, a gwada adashen kaya. Uwayen amare da yawa ba sa iya sayen zannuwan gado a tashi ɗaya, amma suna iya zubi duk mako. Kowace unguwa da muke da mamba a sami uwar adashe ɗaya. Guntayen atamfar da muke ƙonawa ko zubarwa su ma a fara tara su, don cikin sanyin hunturu ba gidan da ba ya neman abin rufa.

Na uku, a ware wani abu daga ribar bana don ajin 'yan mata na ranar Asabar, a biya iyayenmu gwanaye ladan koyarwa, kada a ce su yi don Allah kawai. A sayi babban littafi, a zana kowane zane namu a ciki, a rubuta sunansa da sunan wadda ta koya mana shi. In mun bi zanen dillali kaɗai na shekara biyar, wallahi namu zai ɓace ba mu sani ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Duk wadda ke da tsohon aikin hannu a ƙasan adaka, na mahaifiya ko na kaka, zanin gado ne, hula ce, faifai ne ko gwado, muna roƙo ta zo da shi ranar taro. Za mu ɗauki hotonsa, mu rubuta sunan mai shi a shafukan farko na littafin, ta koma da abinta.

Allah ya jiƙan waɗanda muka fara wannan tafiya da su suka riga mu. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu da kiwonmu, ya shirya mana zuri'a, ya nuna mana wasu shekaru 20 cikin haɗin kai. In mun yi kuskure a rubutu a yi mana afuwa, ɗalibai ne mu. Amin.

Daga 'yan ajin yamma na yaƙi da jahilci.